Roƙon tallafi: lambun bayan masallaci yana bushewa a kan idonmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu malamai, ma'aikata, yayyenmu tsofaffin ɗalibai da ƙannenmu da ke karatu yanzu, wannan saƙo ne daga kwamitin masallacin ɗakunan kwanan ɗalibai. Wallahi ba mu so mu sake zuwa muku da ƙoƙon bara ba a wannan yanayi da kowa yake ji a jikinsa, amma abin ya kai inda shiru ba zai yiwu ba.

Sumon rijiyar burtsatsenmu, wato injin da yake jawo ruwa daga ƙasa, ya ƙone, yau kwana goma sha ɗaya kenan. Cikin dare aka kawo wuta da ƙarfi, da asuba Baba ladan ya kunna ya ji shiru sai ƙauri. Mai gyara ya zaro shi ya duba ya ce an riga an yi masa naɗi sau biyu, ba zai ɗauki na uku ba, sai dai sabo. Kuma kun san Afrilu a garin nan, rana tun ƙarfe tara take dukan mutum.

Don Allah duk wanda ya yi Azahar da mu gobe ya ɗan zagaya baya ya gani da idonsa, kar ya tsaya a abin da muka rubuta. Fangalin latas ya kwanta kamar an sheƙa masa tafasasshen ruwa, alayyahu ya fara fure tun bai isa yanka ba, tumatir yana ta zubar da furensa, ƙasar ta tsattsage har yatsa yana shiga. Zogale ne kawai yake daurewa, shi dama akwai juriya. Dashen mangwaro da gwaiba da lemun tsami da aka kafa bara, guda huɗu sun riga sun mutu, sauran ganyensu ya nannaɗe.

Waɗanda suka shigo kwanan nan ba su san yadda lambun ya faro ba. Lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ne, wanda aka shiga ran 14 ga Fabrairu ba a janye ba sai Oktoba, wata takwas cur, akwai ɗalibai 'yan kaɗan da suka maƙale a nan ba kuɗin motar komawa gida, su ne da Baba ladan suka lura ruwan alwala yana gangarawa baya ya taru ya zama kwatami sai sauro. Suka ja masa hanya da fartanya ɗaya ta aro, suka kafa zogale da rama da yakuwa. Ruwan alwala ruwa ne mai kyau ga shuka tunda ba sabulu ba omo, na wanka da wanki kam ba ma kai shi wajen. Bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota da na cefane suka yi tashin gwauron zabi, a nan ne lambun ya tashi daga abin sha'awa ya koma abin rufin asiri. Aka shiga noman buhu, buhunan siminti da aka wanke a cika da ƙasa da takin shanu a jera jikin katanga, kuɓewa da attaruhu duk a ciki suke yi. Wani malaminmu na tsangayar noma, Allah ya saka masa da alheri, shi ya kawo mana irin wake SAMPEA na cibiyar binciken noma ta Samaru da muke shukawa da damina, kuma har yau yana turo ɗalibansa su duba mana ƙwari.

Akwai abin da ni mai rubuta wannan saƙo na gani da ba na mantawa. Wani dare bayan Isha'i na dawo ɗaukar takalmina sai na hangi wani yaro ɗan aji ɗaya yana tsinkar zogale a leda da hasken waya, yana waige-waige. Ya ganni ya daskare. Na ce ɗiba ƙanena, don ku aka shuka. Daga baya na ji kwana biyu kenan gari da ruwa kawai yake sha, yana jiran a turo masa daga gida. Da ƙuli-ƙuli kaɗan ya yi kwaɗo ya kwana da abu a cikinsa, bai roƙi kowa ba. Irinsa suna da yawa, maza da mata, kuma ba za su taɓa zuwa su faɗa maka ba.

Ba za mu manta da masu alheri ba. Hajiyar da ta saya mana tanki ta ce kar a ambaci sunanta, masu shara mata da suka haɗa kuɗi daga ɗan albashinsu suka kawo tiyo, mai shayin bakin get da yake tara mana ɓawon ƙwai da ganyen shayi don taki, Allah ya san ku. Amma kuma gaskiya ɗaya ce, bara da muka nemi kuɗin wayar shinge an yi alƙawura a wajen taron tsofaffin ɗalibai, aka yi kabbara, aka rubuta sunaye, abin da ya shigo hannu bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Mun kira, mun tura saƙo, har kunya ta hana mu ƙarawa. Shingen bai kammalu ba, awaki suka shiga ta ɓangaren gabas dare ɗaya suka share kabeji tas, yaran da suka yi wata biyu suna ban ruwa suka tsaya suna kallo, ɗaya har da hawaye. Ba gori muke yi ba, amma alƙawari kaya ne, kuma ƙofa a buɗe take ga wanda yake son sauke nasa.

Abin da muke nema shi ne sabon sumo mai aiki da sola da allunansa don mu huta da wutar da ba ta da tabbas da kuma kuɗin man janareta, sai ragowar wayar shinge. Abin da ke asusu bai kai rabin kuɗin sumon ba, kuma daga ciki ake sayen ruwan alwala wajen 'yan garuwa kullum. Yanzu haka baho muke ajiyewa a ƙarƙashin masu alwala, abin da ya taru Baba ladan da shekarunsa ya ɗauka a bokiti ya kai wa dashen.

Manzon Allah (SAW) ya ce babu Musulmin da zai yi dashe ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zama sadaka a gare shi. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. Yayyenmu da kuka ci kwaɗon wajen nan yau Allah ya buɗa muku, ku tuna. Ƙannenmu, wanda yake iya sayen data duk sati ba zai rasa ɗari biyar ba.

Lambar asusu tana jikin allon sanarwa na masallaci, ko a miƙa wa ma'aji bayan kowace salla a karɓi rasit. Wanda ba shi da kuɗi ya zo da jarkarsa ranar Asabar bayan La'asar, za mu ɗebo ruwa daga famfon tsangayar noma mu ceci dashen da suka rage kafin ruwan sama ya sauka. Allah ya ba da ikon taimakawa, wassalamu alaikum.