Ka Ɗauki Hutun Nan a Ƙarshen Yuni

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya aiki, ya yara? Ka gaida min uwargida, ka ce mata saƙonta ya iso, kuma ba ni da ta cewa sai dai a yi haƙuri. Shirun nan namu ya yi tsawo har na fara jin nauyin ɗaga waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Dogo ne ya tsegunta min cewa hutunka ya fito, kana ta wasi-wasi tsakanin ƙarshen Yuni da Agusta. To ka ajiye wasi-wasin. Yuni za ka zo. Wanda ya shigo Montreal ta Kanada a Agusta ya tarar an tashi daga taron bikin jaz.

Na san me za ka ce, don tun muna makaranta bakinka bai canza ba: "kiɗan nan naka da ba a san farkonsa ba balle ƙarshensa." Na ji. Amma kai a waya kawai ka taɓa jin jaz, da abin sauraron nan naka mai kunne ɗaya, kuma gani ya kori ji. Bikin jaz na garin nan tun 1980 ake yin sa, shekarar da Ray Charles da Chick Corea suka hau dandamali a karon farko na bikin. A 2004 kundin Guinness ya sa shi a matsayin bikin jaz mafi girma a duniya. Kwana goma ake yi ko kusa da haka, daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, a rufe titunan da ke kewaye da cibiyar wasanni ta Place des Arts, mota ba ta shiga. Abin da zai fi faranta maka, tunda na san hannunka ba ya saurin shiga aljihu, kusan kashi biyu cikin uku na wasannin kyauta ne, a fili. Stevie Wonder ma a 2009 kyauta ya yi wa mutane wasa a nan.

Amma ba don kyautar nake kiranka ba. So nake in zaunar da kai a ƙaramin ɗaki, kusa da makaɗa, inda za ka ga idanunsu. Akwai wani zaure da ake kira Gesù, a ƙasan wata tsohuwar coci, wasanninsa na cikin dare su ne nake jira duk shekara. Babban zauren Wilfrid-Pelletier yana ɗaukar mutum kusan 3,000, yana da kyau, amma in ka samu kujerar can sama sai dai ka hango mai fiyano kamar ɗigo. A ƙaramin ɗaki ne za ka gane abin da ke faruwa. Za su fara da karin waƙar gaba ɗayansu, sau ɗaya ko biyu, don ka riƙe shi a ka. Daga nan sai mai saksofon ya ɗauka shi kaɗai, yana ƙirƙira nan take, amma fa a kan zagaye ɗaya da mai fiyano da mai bas suke ta maimaitawa a ƙasa. In ya gama a tafa masa, wani ya karɓa. Can wajen ƙarshe za ka ji sun fara musaya da mai ganguna, wannan ya yi ɗan gajere, shi ya mayar masa, kafin duk su koma kan karin da suka faro da shi. Hira ce irin ta majalisa: akwai mai kawo zance, akwai mai tsokana, akwai wanda ba ya magana sai an kusa tashi ya jefo ɗaya kowa ya fashe. Kai da ka iya katse mutane a tsakiyar magana, ai kiɗanka ne wannan.

Shawarata, kada ka bi mai busa da kunnenka a daren farko, zai ɓatar da kai. Bi mai bas. Shi ne ke riƙe da hanya, in ka kama tafiyarsa sauran duk za su zauna maka daidai.

Kafin in manta, ka ji labarin Dogo da jitarsa? Ya saya, ya ɗauki hoto da ita, ya turo wa kowa, yanzu tana bayan ƙofa tana shan ƙura. Na ce ya sayar min ya ce wai yana jiran hannunsa ya warke. Wane ciwo? Oho. Shi ma ya ce zai zo, amma ka san alƙawarinsa, sai mun gan shi a tasha.

To, in jaz tsantsa ya yi maka nauyi, akwai ƙofar baya, kuma ta nan nake so in shigo da kai. Bikin ba jaz kaɗai ba ne, ana kawo makaɗa daga Afirka da Brazil da Kuba da sauran wurare. Jadawali na canzawa duk shekara, saboda haka ga sunayen da in ka gan su a bana ko baɗi, kada ka tsaya tambayata, ka saya kawai. Tinariwen, Buzayen arewacin Mali da suka ci kyautar kiɗa ta Grammy a 2012. Bombino na Agadez, ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar wannan kyauta. Mdou Moctar, wanda yake kaɗa jita da hannun hagu, da ƙarar da sai ka ja baya daga lasifika. Angélique Kidjo ta Benin kuwa ba ta barin kowa a zaune, har ni da gwiwata. Wanda na fi so ka gani shi ne Mulatu Astatke na Habasha, haifaffen 1943, don shi ne ya ɗauki karin kiɗan ƙasarsu ya haɗa da jaz ya fitar da abin da babu irinsa. Tsufa ya kama shi, irinsa ba a cewa sai wani karo. Mun yi ta cewa za mu ga Toumani Diabaté da kayan kiɗansa da ake kira kora, mai tsirkiya 21, ga shi ya rasu a 2024.

Kuma kai da kake bugun ƙirji da Fela, ka san mai gangunansa Tony Allen a wajen wa ya ɗebo salonsa? Faifan Art Blakey da Max Roach ya yi ta saurare, manyan masu gangunan jaz na Amurka. Ashe shekara da shekaru kana rawa da jaz kana zaginsa. In Seun Kuti ya zo da Egypt 80, ƙungiyar da ya gada yana ɗan shekara 14 bayan rasuwar mahaifinsa Fela a 1997, ka saurari masu busa kawai, sannan ka zo mu yi gardama.

Abin da ke damuna yanzu masauki ne. Ranar 1 ga Yuli a nan ba hutun ƙasa kaɗai ba ne, ita ce ranar da yawancin yarjejeniyar haya ke sauyawa a lardinmu na Quebec, gari ya cika da motocin kwasar kaya, ana sauko da firji ta matakala. Ni ma ta shafe ni bana, zan tashi daga inda ka sani. Ɗakin da zan koma ya fi faɗi, amma in ka sauka kafin ranar, a tsakanin kwalaye za ka kwana, kuma kada ka yi tsammanin baƙunta za ta hana ka ɗaukar kujera. Otal a makon nan tsada, kuma cika suke yi da wuri.

Ka zo da takalmin da za ka iya tsayuwa da shi awa uku, da rigar ruwa mara nauyi, don hadari na iya tasowa ana tsakiyar wasa. Rana ba ta faɗuwa sai wajen tara saura, manyan wasannin fili sai bayan nan suke kankama. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana sauke mutum a tsakiyar wurin, ba ma buƙatar mota.

In za ka iya jan hutun ya kai tsakiyar Yuli, akwai bikin kiɗan Afirka na Nuits d'Afrique, wanda Lamine Touré, ɗan Gini, ya kafa a 1987. Shi ne mai Balattou, kulob ɗin da ke kan titin Saint-Laurent. Wannan kam ko uwargida ba za ta ce ba ta gane kiɗan ba. Wai ma da ita za ka zo ko kai kaɗai? Ka faɗa min da wuri, tikitin Gesù ba ya daɗewa, kuma in biyu zan saya ko uku ya kamata in sani.

Ƙanwarka ta gama karatun kuwa? Na ga hoto an sa hula, ban tabbatar ko ita ce ko 'yar wanku ba, duk kun yi kama da juna. Ka turo min ranar da za ka sauka, sannan ka tuna har yanzu littafina yana wajenka.

Naka har kullum,
Abokinka