Godiya ga Masu Gyaran Kwamfuta na Saman Bene a Adum

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode wa maigidan wani ɗan shagon gyaran kwamfuta da ke saman bene a Adum, nan Kumasi, shi da yaransa biyu. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, amma mutanen Zango masu kai masa aiki za su gane shi.

Ni malamin Islamiyya ne a Aboabo. Kwamfuta ɗaya gare mu a gida: a cikinta nake ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibai, uwargida tana lissafin atamfofinta na kasuwar Kejetia, yara kuma su yi aikin makaranta da dare. Ana saura kwana huɗu mu raba sakamako, na kai filashina wani wurin buga takardu. Da na dawo na soka shi, sai na tarar fayilolina duk sun koma wasu alamomi masu 'yar kibiya a kusurwa, wanda na danna ba ya buɗuwa. Aikin wata uku! Daren nan ban runtsa ba.

Washegari na rungumo kwamfutar na hau trotro, da kuɗi a aljihu, niyyata in sayi antibairos, wato manhajar kariya daga bairos, mafi tsada a shagon. Ga su nan kuwa jere a kanta cikin kwalaye. Maigidan ya dube ni ya ce, "Baba Malam, mayar da kuɗinka tukuna, bari mu ga ciwon kafin mu yi maganar magani."

Ya jawo mini kujera kusa da shi. Ashe fayilolin suna nan daram, bairos ɗin ɓoye su kawai ya yi. Da na ga sunayen ɗalibaina sun dawo, sai da na yi hamdala da ƙarfi. Sannan ya nuna mini abin da ya fi tayar mini da hankali: manhajojin kariya har uku ne a ciki. Ɗaya ta gwaji ce da wa'adinta ya ƙare tuntuni. Ta biyu kwafin sata ce da wani ɗan'uwa ya saka mana don ya taimaka. Ta uku ta bogi ce, daga irin saƙon nan mai jan rubutu da ke faɗowa a intanet yana cewa kwamfutarka ta kamu, danna nan. Ita ce mai leƙen asirin, kuma irinta na iya naɗe duk abin da mutum ya buga, har kalmar sirri. Nan take ya sa na canza ta imel ɗina daga wayata.

Ya bayyana mini cewa antibairos biyu masu gadi a lokaci guda karo suke yi da juna, su nauyaya kwamfuta. Tamu tana da Windows 11, wadda ke zuwa da nata antibairos, Microsoft Defender, kyauta, shi kuwa ja da baya yake idan an saka wani. Ya goge ukun nan, ya tada Defender, ya kunna sabuntawa, ya ƙara Malwarebytes na kyauta don in riƙa bincikawa da kaina lokaci-lokaci. Ya ce duk ranar da na so na kuɗi, in duba sakamakon cibiyoyin gwada antibairos, AV-TEST ta Jamus ko AV-Comparatives ta Ostiriya, kada in bi talla. Yaransa suka buɗe wa 'ya'yana nasu shafin shiga daban, wanda ba a iya saka manhaja sai da izinina.

Har saƙo ya ba ni ga maƙwabta masu tsofaffin kwamfutoci: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7, wato aiko mata da gyaran tsaro, tun Janairun 2020, ta kuma rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma antibairos ba ya toshe wannan ɓarakar.

Kuɗin aikin hannunsa kaɗai ya karɓa. Da ragowar, bisa shawararsa, na sayi ma'ajiyar fayil ta waje, duk Juma'a ina kwafe aikina a ciki. A ganina, ɗan kasuwar da ya ga kuɗi a hannun dattijon da ya firgita, ya ce masa mayar, ya cancanci a yaba masa a gaban mutane.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya buɗa kasuwa, ya jiƙan magabata. Mun raba sakamako a ranar da muka sa. Ranar Asabar ina tafe da kwamfutar limaminmu.

Wassalam,
Wani malamin Islamiyya,
Aboabo, Kumasi