Tseren Formula 1: A Daina Ɗora wa Direbobi Laifin Dokokin Taya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata muhawara da ke yawan tashi a tsakanin masu bibiyar tseren motoci na Formula 1 a nan Kaduna, wato muhawarar dabarun da ƙungiyoyi ke yi a gwajin tantancewa na ranar Asabar, da kuma dokokin taya da ke haifar da waɗannan dabaru. Masoya wannan wasa a garinmu ba su kai na ƙwallon ƙafa yawa ba, amma suna nan, tun daga matasan da ke lallaɓar mai gidan kallo a Kawo ko Tudun Wada ya bar musu talabijin ɗaya kafin a take wasan Firimiya, har zuwa makanikan Fanteka da ke kallo a waya da idon masu sana'a. Duk lokacin da direba ya zauna a gareji ana tsaka da tantancewa, ko ya fito yana tafiyar hawainiya, sai ka ji ana kiransa rago ko matsoraci, ana cewa ƙungiyarsa ta ci amanar 'yan kallo. Fushin yana da dalili, amma a ganina sau da yawa ana sauke shi ne a kan wanda ba shi ya kafa tarkon ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, tantancewa ita ce ke fitar da gurbin da kowace mota za ta tsaya a lokacin tashi ranar Lahadi. Tun daga 2006 ake raba ta zango uku. Daga 2017 zuwa 2025, lokacin da motoci 20 ke fafatawa, zangon farko minti 18 ne kuma a ƙarshensa ake sallamar motoci biyar mafi jinkiri, zango na biyu minti 15 ne a sake sallamar biyar, sannan goman da suka rage su shafe minti 12 suna neman gurbin farko. Kamfanin Pirelli, wanda shi kaɗai ke samar da tayoyin gasar tun 2011, yana kawo nau'i uku na tayar busasshiyar hanya: mai laushi da jan layi, matsakaiciya da layin ruwan ɗorawa, da mai tauri da farin layi. Mai laushi ta fi riƙe kwalta, don haka ta fi gudu, amma ba ta jimawa take suɗewa, ita kuwa mai tauri tana da juriya amma ba ta da zafin nama. A yawancin makonni kowane direba saiti 13 na taya kawai yake da su daga Juma'a zuwa Lahadi, kuma idan ba a yi ruwa ba dole ne ya yi amfani da aƙalla nau'i biyu a cikin tseren. Ke nan duk tayar da aka ƙona ranar Asabar an rage ta ne daga guzurin Lahadi, kuma ranar Lahadi ake raba mafi yawan maki.

Daga nan matsalar ta samo asali. A tsakanin 2010 da 2013, bayan an hana ƙara mai a tsakiyar tsere, doka ta tilasta wa direbobi goman farko su fara tsere da ainihin tayar da suka yi zagayensu mafi sauri da ita a zango na uku. Da Pirelli ya shigo da tayoyi masu saurin cinyewa, kamar yadda masu shirya gasar suka buƙata domin a riƙa yawan tsayawa canjin taya, sai lissafin ya juye. Direban da ya san ba zai iya samun sahun gaba ba, ya fi masa riba ya ƙi yin zagaye mai sauri domin ya samu damar zaɓar tayar da yake so. A birnin Shanghai a 2013, Sebastian Vettel, wanda shi ke riƙe da kambun duniya a lokacin, ya kammala zango na uku ba tare da ya kafa lokaci ba, Jenson Button kuma ya zagaya a hankali da matsakaiciyar taya don kawai ya samu fara tsere da ita. Mutumin da ya biya kuɗin tikiti, ko ya sayi data da guminsa domin ya ga motocin da suka fi kowace mota gudu a duniya suna nuna iyakar ƙarfinsu, yana da haƙƙin ya fusata. Sai dai injiniyan da ya ba da wannan shawara aikinsa ya yi, domin an ɗauke shi ne ya kawo maki, kuma doka ce ta sanya makin a inda ya same su. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Gyaran da aka yi a 2014 shi ne ya fi kamata masu muhawara su tsaya su duba da kyau, domin ya nuna yadda doka mai kyakkyawar niyya ke iya cutar da wanda aka yi ta dominsa. An ce daga yanzu goman farko za su fara tsere da tayar da suka yi zagayensu mafi sauri da ita a zango na biyu, kuma aka ba su ƙarin saiti mai laushi na musamman domin zango na uku. Wannan ya magance zaman gareji a mintocin ƙarshe, kuma an yi fatan zai ɗaure hannun manyan ƙungiyoyi ya ba na baya damar yi musu ba-zata. Abin da ya faru akasin haka ne. Manyan ƙungiyoyi irin su Mercedes da Red Bull suna da ratar gudun da za su tsallake zango na biyu da matsakaiciyar taya, su wayi gari ranar Lahadi a sahun gaba da tayar da ta fi dacewa da doguwar tafiya. Ƙungiyoyin tsakiya kuwa ba su da wannan rata, dole ne su sa mai laushi kafin su shiga cikin goman farko, sai su fara tsere da tayar da aka riga aka ci wani ɓangare nata, alhali wanda ya zo na 11 yana da 'yancin zaɓar sabuwar taya ta kowane nau'i. Sau da yawa gurbi na 11 ya fi na tara ko na goma daraja, wato an wayi gari ana hukunta direba saboda ya yi ƙoƙari. Tseren ƙarshe da aka yi a ƙarƙashin wannan doka shi ne na Abu Dabi a 2021, inda Max Verstappen ya lalata matsakaiciyar tayarsa da birki a zango na biyu, ya koma mai laushi, ya fara tseren yanke hukuncin kambun duniya da ita, Lewis Hamilton kuma ya fara da matsakaiciya. Ba zan shiga rigimar yadda aka ƙare wannan tsere ba, domin har yau tana raba abokai a majalisun Kaduna. An soke dokar a 2022, kuma ban ji wanda ke kewarta ba.

Ba ina cewa ƙungiyoyi ba su taɓa cancantar zargi ba. Abin da ya faru a Monza ta ƙasar Italiya a 2019 ba dokar taya ce ta jawo shi ba. A wannan fili mai dogayen miƙaƙƙun hanyoyi, motar da ke bin bayan wata tana cin ribar iskar da ta gaban ta tsaga mata, don haka babu mai son ya zama na gaba. A fitowar ƙarshe ta zango na uku kowa ya jira kowa, aka fito a makare, aka riƙa jan ƙafa a cunkushe har lokaci ya ƙare, motoci biyu kacal, ta Carlos Sainz da ta Charles Leclerc, suka tsallake layi kafin agogo ya tsaya. Leclerc ya riƙe gurbin farko da lokacin da ya kafa tun da farko, alƙalan tsere kuma suka ja kunnen direbobi uku. A nan ina tare da masu fushi ɗari bisa ɗari, domin wayon ya wuce gona da iri har ya cutar da masu yinsa, kuma babu wata doka da ta hana su fitowa da wuri.

Wani abin da nake so 'yan'uwa masu kallo su riƙe shi ne, ƙorafi yana tasiri idan an nufe shi ga masu rubuta doka, wato FIA, hukumar kula da tseren motoci ta duniya, da masu tafiyar da gasar. A farkon kakar 2016 an ɓullo da tsarin sallamar mota mafi jinkiri duk bayan daƙiƙa 90. Da yake tayoyi ƙididdigaggu ne, kuma babu isasshen lokacin komawa gareji a sake fitowa, direbobi suka riƙa fita daga motocinsu tun agogo bai ƙare ba, har mintocin ƙarshe na tantancewar Ostareliya suka wuce babu mota a kan hanya. 'Yan kallo da direbobi da shugabannin ƙungiyoyi suka yi ca a kan tsarin, kuma bayan an sake gwada shi a Bahrain aka watsar da shi, aka koma tsohon tsari. Tsere biyu kawai ya rayu.

Darasin bai zauna sosai ba, kamar yadda tseren birnin Monako ya nuna. A 2024 haɗarin zagayen farko ya sa aka ɗaga jar tuta, kusan kowa ya canza taya a lokacin da aka dakatar da tsere, ya cika sharaɗin nau'i biyu ba tare da ya yi asarar daƙiƙa ɗaya ba, daga nan aka yi ta zagaye a hankali ana tattalin taya har goman farko suka ƙare a daidai jerin da suka tashi. Domin kada hakan ta maimaitu, a 2025 aka wajabta amfani da saiti uku a wannan tsere, wato tsayawa sau biyu. Ƙungiyoyin Racing Bulls da Williams suka karanta dokar, suka sa direba ɗaya ya rage gudu da gangan ya tare na bayansa a wannan ƙuntatacciyar hanya da ba a iya wuce mota, domin ɗan'uwansa ya samu ratar tsayawa ba tare da ya rasa gurbi ba. Takaici ya sa George Russell ya yanke kwana ya wuce Alex Albon na Williams, ya karɓi hukunci. Na ji masu tsine wa Williams a ranar, amma ainihin ciwon Monako shi ne motocin zamani sun yi wa titunan birnin faɗi, kuma ƙara yawan tsayawa ba ya faɗaɗa titi.

Akwai dokar tayar da ba na jayayya da ita ko kaɗan, ita ce wadda aka yi domin kare rai. A Indianapolis ta Amurka a 2005, shekarar da aka hana canza taya a cikin tsere, kamfanin Michelin ya ce ba zai iya tabbatar da lafiyar tayoyinsa a kwanar ƙarshe mai tsananin gudu ba, bayan haɗarin Ralf Schumacher a lokacin atisaye. Motoci 14 suka janye, shida kawai suka yi tseren, 'yan kallo suka yi ta ihu suna jifa. Abin kunya ne ga wasan, amma janyewar daidai ce, laifin na waɗanda suka kasa cimma matsaya ne kafin ranar Lahadi. Haka nan a Katar a 2023, da aka gano gefen hanya yana yi wa tayoyi illa, aka taƙaita kowane saiti ga zagaye 18. Wannan ya kashe dabara, ya tilasta tsayawa sau uku, kuma duk da haka ina ganin an yi abin da ya kamata.

Game da gwajin da aka yi a Hangari da Monza a 2023, inda aka rage saiti daga 13 zuwa 11, aka wajabta mai tauri a zangon farko, matsakaiciya a na biyu, mai laushi a na uku, ra'ayina ya rabu. Adalcinsa shi ne kowa yana kan taya iri ɗaya a lokaci ɗaya, don haka agogo gaskiya yake faɗa, kuma a Hangari ne Hamilton ya sha gaban Verstappen da ratar daƙiƙa 0.003. Illarsa kuma ita ce ƙungiyoyi sun rage fitowa atisayen Juma'a domin tattalin taya, wanda ya sayi tikitin ranar ya ga ƙarancin motoci a hanya.

Matsayata ita ce a bar ranar Asabar ta zama ranar gudu zalla, a ba kowane direban da ya tsallake zango isasshiyar sabuwar taya, kada kuma a sake ɗaura sakamakon tantancewa da tayar fara tsere ta kowace siga. Dabarar taya ta zauna a ranar Lahadi, inda ta dace, kuma inda take da daɗin kallo ga wanda ya fahimce ta. Ina kuma roƙon sashen wasanni na wannan jarida da ya riƙa ware ɗan gurbi ga tseren motoci, ko da a makonnin manyan tsere ne, a riƙa bayyana nau'in tayar da kowane direba ya tashi da ita, da zagayen da ya tsaya, da dokar da ta sa ya yi hakan. Mafi yawan masu kallo a nan sharhin Turanci suke ji a cikin hayaniyar gidan kallo, kuma wannan bayani shi ne ke fara ɓace musu.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naku,
Mai bibiyar tseren motoci,
Unguwar Rimi, Kaduna.