Batun Tafiyar Auta Ingila

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kana lafiya, da Inna da yara duka. Ni ma lafiya lau, sai dai sanyin Bradford da har yau jiki ya ƙi sabawa da shi.

Na ji saƙonka cewa Auta na so a sayar da gonar bakin rafi ya taho yin digiri na biyu. Ni dai shawarata a dakata.

Ajinmu in ka shiga, sai ka rantse ba a Ingila kake ba. Indiyawa ne suka cika shi, sai mu 'yan Najeriya da 'yan Pakistan, Turawan gida kuwa 'yan tsiraru. A shekarar karatu ta 2022/23 Indiya ta wuce Sin a yawan ɗalibai a ƙasar nan, Najeriya ta zo ta uku da mutum sama da 70,000. Yawancinsu 'yan kudu ne, Bahaushe sai ka dudduba masallacin Juma'a kafin ka samu. Kuma ba don Allah jami'o'in ke maraba da mu ba. Gwamnati ta ƙayyade wa ɗan ƙasa kuɗin digirin farko, ya daɗe a fam 9,250 a shekara, baƙo kuwa su suke yanka masa farashi. Da kuɗinmu suke cike giɓi.

Abin da ya ja mutane a lokacin shi ne izinin zaman shekara biyu bayan kammalawa, wanda aka fara a 2021, da damar tahowa da iyali. Matar ta kama aiki cikakke, miji na karatu, a haɗa a biya makaranta. Tun Janairun 2024 an rufe ƙofar tahowa da iyali, sai mai digirin bincike irin su PhD ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ke nan Auta zai bar amaryarsa a ɗakin Inna, aure ko shekara bai yi ba.

Ga kuma naira. Bayan faɗuwarta a 2023, mutanen da suka taho da lissafi daidai sun wayi gari kuɗinsu bai kai ko rabi ba. Ɗalibi awa 20 kacal aka yarda ya yi aiki a mako in ana karatu, yawanci a gidan kula da tsofaffi ko ɗaukar kaya a sito. Wannan haya da abinci yake biya, ba ya taɓa kuɗin makaranta. Kuɗin asibiti ma fam 776 ne a shekara, kuma tun kafin a ba ka biza za ka biya.

Ka ce masa ya nemi tallafin karatu na Commonwealth ko na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya. Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya, sai yana da aikin shekara biyu, to ya riƙe koyarwar da yake yi, kada ya ajiye. In ya tashi cike takardu ya kira ni mu zauna a kai.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata kuka da daddawar sun iso.

Ƙaninka.