Rahoton Ayyukan Shekara daga Ofishin Sakatare

Assalamu alaikum, malamanmu manya, abokan aiki, da ƙannenmu sabbin likitoci.

Kamar yadda tsarin mulkin ƙungiya ya ɗora wa wannan ofis, ga bayanin abin da muka yi da abin da ya gagare mu a shekarar da ta ƙare. Na san wasu za su tsallake zuwa inda aka yi maganar kuɗi su tsaya nan. Ina roƙon a daure a karanta duka, domin ƙarancin kuɗi da ƙarancin masu aiki tushensu ɗaya a wannan ƙungiya.

An yi tarurrukan wata-wata, wasu ido da ido, wasu ta Zoom, bayanansu kuma suna sakatariya ga mai buƙata.

Abin da za mu daɗe muna alfahari da shi bana shi ne taron bitar da muka yi ranar 17 ga Satumba, wato Ranar Kare Lafiyar Majinyata ta Duniya, wadda Babban Taron Lafiya na Duniya ya ware tun 2019. Lokacin da kwamitin ƙaro ilimi ya kawo shawarar, ni kaina sai da na yi jim, don asusu ba nauyi, lokaci kuma ya ƙure. 'Yan kwamitin suka ce a dai ba su dama, kuma suka yi alƙawarin ba za su tara mutane su yi ta zuba musu lacca ba. Suka zaɓi takardar tantancewar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, mai ɗauke da abubuwa 19. Dukkanmu mun san ta. Da yawanmu kullum muna wuce ta manne a bangon ɗakin tiyata. Amma mu nawa ne muke tsayawa a karanta ta da murya, kowa na saurare, kafin a ɗauki wuƙa?

Sai suka mayar da zauren taro ɗakin tiyata: ga gado, ga mutum-mutumin gwaji, ga na'urar auna iskar jini a yatsa, ga tiren kayan aiki. Aka raba mahalarta rukuni-rukuni, kowanne da likitan tiyata, da mai sa barci, da ma'aikaciyar jinya. Kowane rukuni sai ya tsaya sau uku kamar yadda takardar ta tsara. Kafin a sa barci, a tabbatar da sunan majinyaci, da aikin da za a yi masa, da ɓangaren da za a yi wa, da amincewarsa, a kuma tambaya ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, ko ana fargabar zubar jini fiye da mililita 500. Kafin a tsaga fata, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar an ba da maganin rigakafin ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce. Kafin a fitar da majinyaci, a ƙirga allurai da kayan aiki da ƙyallayen tsane jini, a duba an rubuta suna daidai a kan abin da za a kai ɗakin gwaji.

Dabarar da ta sa taron ya yi armashi ita ce kurakuran da masu shiryawa suka dasa da gangan ba tare da sun gaya wa kowa ba. A wani gadon, sunan da ke fayil ya ɗan saɓa da na hannun majinyaci. A wani, an ɓoye ƙyalle ɗaya don ƙirga ta ƙi cika. A wani kuma, ƙafar da aka yi wa alama ba ita ce a rubuce ba. A nan ne wata ƙanwarmu, wadda ba ta daɗe da gama horon shekarar farko ba, ta ɗaga murya ta ce wa ɗaya daga cikin manyan malamanmu, "Ranka ya daɗe, a dakata, alamar tana hagu, takarda kuma dama ta ce." Zauren ya yi tsit. Malam ya ajiye abin da ke hannunsa, ya duba, ya juyo ya gode mata a gaban kowa, sannan ya ce wa sauran matasa haka yake so su riƙa yi masa a ɗakin tiyata na gaske. Wanda bai zo ba ya yi asara, don gani ya kori ji. Bayan haka ne aka tuna mana binciken da aka wallafa a 2009, wanda aka yi a asibitoci takwas na ƙasashe takwas, inda mace-mace bayan tiyata suka sauka daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin ɗari, manyan matsaloli kuma daga kashi 11 zuwa kashi 7, bayan an fara amfani da takardar. Alƙaluman da muka saba ji ne, amma ranar sun shiga kunne daban. Ma'aikatan jinya da masu sa barci da muka gayyata sun nemi a maimaita, kuma har yanzu ana kirana ana tambayar yaushe.

Ina so mambobi su san su wa suka yi wannan aiki. Mutane ne da ba su cika yatsun hannu biyu ba, yawancinsu ƙananan likitoci masu neman ƙwarewa, waɗanda suka fi kowa yawan kwana a asibiti. Akwai wanda daga aikin dare ya zarce jera kujeru. Ba a biya kowa ko kwabo ba. Allah ya saka musu da alheri.

Yanzu ga inda ba mu kai ba, kuma zan faɗi dalili, domin na ji ƙorafe-ƙorafen da ake yi a dandalinmu na WhatsApp.

Shirin haɗa ƙananan likitoci da manya masu yi musu jagora bai fara ba. Fom mun raba, matasa sun cika da ɗoki, amma manyan da suka amsa cewa za su ɗauki ko da mutum ɗaya 'yan ƙalilan ne. Kwamitin zartarwa ya ga bai dace a ƙaddamar da shiri a jibga wa mutum ɗaya yara da yawa, bayan wata biyu abin ya mutu ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sunayen matasan suna nan a ajiye, jira suke.

Kwamitin ɗa'a ya shafe mafi yawan shekarar ba shugaba, tun da mai riƙe da kujerar ya koma aiki wani wuri. Sau uku ina sanar da gurbin, ba wanda ya ɗaga hannu. Wannan ya fi komai damuna. Sanarwar Helsinki, wadda tun 1964 ita ce madogara kan ɗa'ar binciken lafiya da ya shafi 'yan Adam, an sake yi mata gyara a Oktoban 2024. Mun yi niyyar kwamitin ya zauna ya fayyace wa mambobi abin da ya canza, musamman masu rubuta kundin bincike don jarrabawar ƙwarewa. Ba a yi ba. Ba za a ce laifin sakatariya ba ne, don sakatare ba shi da hurumin zama a madadin kwamitin ɗa'a.

Mujallar ƙungiya fitowa ɗaya ta yi. Edita ba zai buga farar takarda ba; waɗanda suka yi alƙawarin rubutu a babban taron bara sun san kansu. Gyaran tsarin mulki ya kai matakin daftari, amma zaman da aka kira don amincewa da shi bai samu adadin mutanen da doka ta tanada ba, dole aka ɗage.

Sai batun kuɗin shekara. Cikakken lissafi yana cikin rahoton ma'aji, ba zan maimaita ba. Abin da zan ce shi ne waɗanda ba su biya ba sun fi waɗanda suka biya yawa, kuma akwai masu bashin shekaru. Ni da ma'aji mun aika saƙo, mun kira, mun tare mutane a barandar asibiti, har ta kai wasu in sun hango mu sai su canza hanya. Wallahi abin ba daɗi, mutum ya riƙa bin abokin aikinsa, wani ma malaminsa, kamar mai karɓar haraji. Wannan ne ya sa asusun walwala bai iya yin abin da ya kamata ba lokacin da rashin lafiya da rasuwa suka shafi wasu iyalanmu. Sai karo-karo aka yi cikin gaggawa, kuma fuskokin da aka saba gani su ne dai suka bayar. Abin da ya fi ciwo, da zarar lokacin sabunta lasisi ya matso, ko ana neman takardar shaidar zama mamba don ƙarin girma, sai wayata ta ƙi hutawa, kowa yana so a ba shi yau-yau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san uzurin da za a kawo, kuma ban raina shi ba. Aiki ya yi mana yawa, hannu ya yi kaɗan, ga iyali, ga jarrabawa. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta amince cewa gajiyar da ke cinye ma'aikaci saboda matsin aiki abu ne na gaske. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ma, da ta sabunta Sanarwar Janiba a 2017, wato rantsuwar likita da aka fara tun 1948, ta ƙara cewa likita zai kula da lafiyar kansa don ya iya kula da wasu. To amma 'yan kaɗan ɗin da ke riƙe da kwamiti biyu ko uku a lokaci ɗaya, su ma likitoci ne, su ma suna kwana a asibiti, su ma suna da 'ya'ya. Duk wanda ya zame, kasonsa a kan wuyan wani yake sauka. Kuma a cikin rantsuwar nan dai muka yi alƙawarin raba iliminmu don amfanin majinyaci, da girmama malamanmu da abokan aiki da ɗalibanmu. Shirin jagoranci da ya tsaya cik, ai wannan alƙawarin ne muka bari a ƙasa.

Ga ƙannenmu masu ganin sai mutum ya zama babban likita kafin ya shiga kwamiti, ku cire wannan a ranku. Ni ma da ɗaukar bayanan taro na fara. A kwamiti ne na koyi yadda ake jan zama a kai ga matsaya, yadda ake tsara kasafi a kare shi, yadda ake rubuta wa hukuma takarda ta samu amsa, da yadda ake saɓa wa babba cikin ladabi. Ba a koyar da waɗannan a makarantar likitanci, kuma ranar da aka ba ka shugabancin sashe za ka neme su. Yawancin kwamitocinmu zama ɗaya suke yi a wata, ana kuma iya shiga ta waya. 'Yan'uwanmu mata, yawanku a ƙungiya ya ƙaru sosai, amma kujerun zartarwa ba su nuna haka ba. Muna so mu ga sunayenku a takardar takara. Malamanmu manya kuma, ba mu ce ku ɗauki kujera ba in ba hali, amma ku karɓi yaro ɗaya ku riƙe.

A babban taro mai zuwa za a cike kujerun sakatare, mataimakin ma'aji, editan mujalla, da shugabannin kwamitin ɗa'a da na walwala. Wa'adina ya cika, kuma ba zan sake tsayawa ba. Na jera fayiloli, da rajistar mambobi, da jerin masu bashi, kuma zan zauna da wanda ya gaje ni har sai ya kama hanya. Kwamitin zartarwa zai gabatar da ƙudiri cewa duk mamba, lokacin sabunta rajista, ya zaɓi kwamiti ɗaya da zai yi wa aiki na shekara. A zo da shirin muhawara a kai. Fom ɗin takara yana sakatariya, an kuma tura shi dandalin WhatsApp. Sharaɗin tsayawa da na jefa ƙuri'a bai canza ba: sai wanda ya biya kuɗinsa cif.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya