Gaisuwar Sallah daga Hambug, da maganar zuwa Andalus

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba Malam da Inna, da Yaya Babba da iyalinsa, da Auta wadda na san ita za a sa ta karanta wannan a tsakar gida. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana, ya karɓi layya. Ina jin zuwa yanzu an gama fiɗa, kayan ciki na kan wuta, Inna na korar jikoki daga bakin kaskon suya. Na ga hoton ragon da Yaya ya turo. Rago ya yi, sai dai kuɗinsa ya sa na sake duba lissafin sau biyu, na ɗauka yatsan Yaya ne ya zame.

Mu nan a wani zauren haya muka yi Idi, sau biyu, don wurin bai ɗauke mu gaba ɗaya ba: Turkawa, 'yan Afganistan, 'yan zangon Gana da mutanen Nijar. Yanka a gida doka ba ta yarda ba, sai dai ka ba mahauci sunanka, ka je ka karɓo nama a kwali. Yanzu tara na dare ta wuce, amma gari da haske kamar bayan La'asar a Katsina.

Baba, akwai maganar da nake so ku ji daga gare ni kafin ku gan ta a hoto. Muna shirin tafiya Sifaniya ni da mai ɗakina da yaran, kwana bakwai, a hutun makaranta na watan Oktoba. Kudancin ƙasar za mu, wato Andalus. Na san abin da Inna za ta ce: mai kuɗin yawon buɗe ido ai bai rasa na zuwa gida ba. Inna, ki yi haƙuri, abin ba haka yake ba. Jirgi daga nan zuwa Malaga awa uku ne da ɗoriya, kuma kuɗin kujerunmu huɗu bai kai na mutum ɗaya zuwa gida ya dawo ba. Biza ma ba ma bukata, katin zamanmu na Jamus ya isa. Asusun zuwa gida daban yake, ban taɓa shi ba, baɗi in sha Allah tare za mu ci tuwon Sallah.

Kuma in za a bi salsala, laifin Baba ne. Ni ne mai ɗauko littattafai daga kan kanta in an zauna karatu a zaure, tun ina rinjayar su da ƙyar. Kullum sai na ji "Ƙurɗubi ya ce", har na ɗauka Ƙurɗuba wata unguwa ce a bayan Madina. Sai da na girma na gane Tuhfar da alƙalai ke zuwa ɗauka wurinku, mai ita Ibnu Asim alƙalin Garnaɗa ne, Muwaɗɗar da muke karantawa kuma ta hannun Yahaya ɗan Yahaya ta iso mana, shi ma a Ƙurɗuba ya zauna har ya rasu. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina Turai, garuruwan nan suna nan kusa, ban taɓa leƙa su ba. Ranar da babban jikanku ya tambaye ni ko Musulmi sun taɓa gina wani abu a Turai ban da masallacinmu na saman kanti, a ranar na fara duba kuɗin jirgi.

Oktoba muka zaɓa saboda zafi. Kada ku yi dariya, a watan Yuli da Agusta Ƙurɗuba takan haura digiri 40, a lardinta aka auna 47.6 a shekarar 2021. Wanda ya bar bazarar Katsina ba zai biya kuɗi ya je neman irinta ba.

Daga Malaga sai Garnaɗa, kwana uku, don fadar Alhamra. Wannan ita ta fi ba ni wahala a shirin duka. Ba a zuwa bakin ƙofa a sa ran samun tikiti, tun da makonni ake saye ta intanet, da sunan kowa da lambar fasfonsa, kuma sashen fadar sarakunan Banu Nasar da lokacinsa a rubuce: ka makara, ka rasa. Ni da gaggawata na faɗa wa wasu 'yan kamasho masu shafi kamar na hukuma, sai da na biya na ga sun ɗora nasu a kai. Mai ɗakina ba ta ce komai ba, kallo ɗaya ta yi min, da ta yi magana ma da ya fi sauƙi. Tikitin dai na gaske ne, ƙarfe goma na safe. Na buga shi a takarda na manna a jikin firij. Abin da nake ɗokin gani shi ne rubutun bangon, inda aka sassaƙa "Wa la galiba illallah" ana maimaitawa ɗaki bayan ɗaki. Yaran kuwa zakuna goma sha biyu na dutsen marmara da ke ɗauke da kwarmin ruwa suke jira. A farkon Janairun 1492 sarkin ƙarshe ya miƙa makullan garin, mulkin Musulmi na kusan shekara 800 ya ƙare a nan. Amma a unguwar Albaisin, kan tudun da ke fuskantar fadar, akwai masallacin da aka buɗe a 2003, na kuma tsara kwanakin yadda Juma'a za ta same mu a can.

Wani abu da zai ba Baba sha'awa: Hasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, haifaffen Garnaɗa ne, kuma a littafinsa da aka buga a Banis ta Italiya a 1550 ya kawo Katsina da Kano da Zazzau da Gobir. Ashe su sun riga mu sanin juna.

Daga nan jirgin ƙasa zuwa Ƙurɗuba, kwana biyu. A nan nake da tambaya. Babban masallacin, wanda Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen 785, ya koma coci tun 1236, daga baya ma aka gina wata cocin a tsakiyarsa. Ginshiƙai fiye da 850 na nan tsaye, mihrabin ma yana nan da adonsa, amma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, masu gadi na lura. To Baba, shiga don gani da ɗaukar darasi, akwai laifi? In kun ce a bari, zan tsaya a farfajiyar itatuwan lemo in hango daga nan, ko da yake raina ba zai so ba. Sai maganar kasaru: ba inda za mu yi niyyar zaman kwana huɗu, ina ganin kasaru za mu yi tun daga fita har dawowa. In na yi kuskure a gyara min.

Ishbiliya, wadda suke kira Sebiya, ba ta kai awa ɗaya daga Ƙurɗuba a jirgin ƙasa ba. Hasumiyarta ta Hiralda ladani aka gina wa, aka gama a 1198, yanzu ƙararrawa ce a samanta. Ba matakala ake hawa ba, gangare ne yake kewayawa har kusa da sama. Na ce wa yara in mun zo gida zan kai su Gobarau su gwada. Ranar ƙarshe ta mai ɗakina ce, ta ce bakin teku za ta zauna, kada wanda ya sake ambata mata shekarar da aka gina wani abu.

Abinci ne sai an yi hattara, don cinyoyin alade a rataye suke a kantuna kamar yadda ake rataye tsire, kuma abincin darensu sai tara ko goma. Mun kama masauki mai kicin, ga kifi, ga gidajen abincin 'yan Maroko a Garnaɗa. Inna, don Allah kada a ba kowa soyayyen naman Sallah ko kilishi ya taho min da shi, kwastan na nan ƙwacewa suke yi, har da tara. Yaji da kuka sun isa.

Na tura wa Yaya goron Sallar yara, da na Gwaggo daban, kada a haɗa. Auta, in Baba ya tashi daga zaure ki roƙe shi ya ɗauko tsohuwar Tuhfar nan mai bangon fata, ki ɗauko min hoton shafin farko inda sunan mai littafin yake, ki tsaya inda haske yake, ba irin hoton ragon Yaya ba. Ina so ta kasance a wayata ranar da za mu shiga Garnaɗa.

A gaida Kawu da maƙwabta, a sa mu a addu'a.

Ɗanku na Hambug.