Tsawa da cajin waya: igiyar ce abin tsoro, ba salular ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan'uwana mazauna Maradi kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajenmu daga watan Yuni zuwa Satumba. Da zarar hadari ya taso daga gabas, sai kowa ya ruga ya maƙala wayarsa a caji, saboda mun san iska na kaɗawa ana iya ɗauke wuta, kuma ba wanda ya san lokacin dawowarta. Ni ma haka nake yi, har zuwa daminar bara da tsawa ɗaya ta ƙone caja biyu da talabijin a gidan maƙwabcina, alhali ba a kan gidan ta faɗi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mun ɗora tsoronmu inda bai kamata ba. Uwa takan tsawata wa ɗanta ya kashe salula wai tana jawo aradu, amma ta bar tata jone a bango. Gaskiyar magana, wayar da ba a jona da komai ba ba ta kiran tsawa. Haɗarin yana cikin igiyar lantarki, domin idan tsawa ta faɗa wa turken wuta, ko da a wata unguwa ce, ƙarfinta yakan biyo igiyar lantarki har cikin ɗaki. Wutar gidajenmu bolt 220 ce, ta tsawa kuwa miliyoyi ce, don haka ƙaramar caja, balle irin ta araha da ake sayarwa a bakin titi, ba za ta iya tare ta ba, kuma wanda ya kara wayar a kunne tana caji ya sa kansa a hanya. Kashe maɓallin soket bai wadatar ba, sai an zare cajar gaba ɗaya, kuma tun kafin hadarin ya iso.

Akwai lissafi mai sauƙi da ko yaro zai iya riƙewa. Ƙara tana cin kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa 3, saboda haka idan tsakanin walƙiya da rugugi bai kai daƙiƙa 30 ba, tsawar tana cikin kilomita 10 daga inda mutum yake. Masana suna ba da shawarar a jira minti 30 bayan rugugin ƙarshe kafin a sake jona kaya.

Na san masu rumfar caji a Babbar Kasuwa da tasha, waɗanda ke tara dala ashirin-ashirin don cefane, za su ce ciniki zai tsaya. Amma wanda ke riƙe da wayoyin mutane hamsin a kan allo ɗaya, shi zai fi kowa shiga uku ranar da suka ƙone tare.

Sai kuma maganar nono. Mun taso muna jin cewa wanda tsawa ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an zuba masa nono. Jikinsa ba ya riƙe wuta ko kaɗan, kuma abin da ke kashe shi galibi tsayawar zuciya da numfashi ne, don haka lokacin da ake ɓatawa wajen neman ƙwaryar nono shi ne lokacin da ya kamata a ce ana danna masa ƙirji, ana neman motar kai shi asibiti. Ina roƙon gidajen rediyon Maradi da limaman Juma'a su maimaita wannan bayani kafin ruwan farko ya sauka.

Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku,
Unguwar Zariya, Maradi